Idan ba Dell ko HP ne ke ƙera kwamfutarsu ba, kuɗin me muke biyan su?

"Assalamu alaikum. Na buɗe laftof ɗina zan ƙara mata RAM, sai na ga furosesa ta Intel ce, RAM na Samsung ne, batir na wani kamfani, sikirin ma na wani. Daga baya aka ce mini ko haɗa ta ma ba kamfanin da sunansa ke jikin murfin ne ya yi ba, kwangila ya bayar. To don Allah me waɗannan manyan kamfanoni suke yi ke nan? Ba tambari kawai suke mannawa su ninka mana kuɗi ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da idonka ya gani gaskiya ne, abin da aka faɗa maka ma gaskiya ne. Tambayar taka dai biyu ce a dunƙule: wane aiki ya rage wa mai tambari bayan ya sayi sassa a waje ya kuma ba da haɗin ga wani, sannan ko wannan aikin ya cancanci kuɗin da yake karɓa. Na daɗe ina aikin sayo kwamfutoci masu yawa wa ma'aikatu da kula da su har su tsufa, don haka daga ɓangaren mai saye zan amsa maka, wato wanda kan zauna da kayan shekara da shekaru bayan an gama ciniki. Abin da na gani shi ne, hajar waɗannan kamfanoni ta ainihi ita ce ɗaukar alhaki. Su ke yanke hukuncin yadda na'urar za ta kasance, su ke zuba kuɗi tun kafin a san ko za ta sayu, kuma idan ta lalace wuyansu ake kamawa. Wannan aiki yana da daraja, amma darajarsa ba ɗaya ba ce ga kowane mai saye, kuma akwai inda kusan babu shi.

Yadda aka wayi gari a haka

Tun ranar farko haka sana'ar ta taso. Lokacin da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur a watan Agustan 1981, cikin gaggawa aka yi ta, a kusan shekara guda. Don a cim ma lokaci sai injiniyoyinsa suka sayi furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, daga Intel, suka karɓi manhajar DOS daga Microsoft, sauran sassan ma mafi yawa na kasuwa ne da kowa zai iya saye. Abu ɗaya da IBM ya riƙe a hannunsa shi ne BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da na'ura kafin komai ya fara aiki. Ba a jima ba kamfanin Compaq ya rubuta tasa mai aiki iri ɗaya ta hanyar da ba ta saɓa doka ba, kamfanin Phoenix kuma ya fara sayar da irinta ga duk mai so a 1984. Daga nan ƙofa ta buɗe. Duk wanda ke da jari zai iya harhaɗa kwamfutar da za ta ɗauki manhajojin da ta IBM ke ɗauka, kuma riba mai kauri ta koma hannun Intel da Microsoft, waɗanda ba a iya kwaikwayon kayansu cikin sauƙi. Shi kansa IBM a 2005 ya sayar wa Lenovo sashen kwamfutocinsa a kan kusan dala biliyan 1.75.

Haɗin kuma a hankali ya koma hannun kamfanonin Taiwan: Quanta, Compal, Wistron, Inventec, Pegatron da Foxconn. Mafi yawan laftof ɗin duniya daga masana'antunsu suke fitowa, da farko a Taiwan, daga baya a biranen China irin su Kunshan da Shanghai da Chongqing, yanzu kuma wani ɓangare yana komawa Biyetnam da Tailan da Meziko. Kada ka ɗauka 'yan ɗaure kusoshi ne kawai. Suna da dubban injiniyoyi, kuma sau da yawa su ke zana babban allon da duk sassan ke zama a kai. Masana'anta ɗaya tana iya yi wa kamfanoni uku masu gaba da juna aiki a lokaci guda. Ba kowa ne ya saki haɗin gaba ɗaya ba, Lenovo misali yana da manyan masana'antunsa, ciki har da ta birnin Hefei, amma shi ma yana ba da wani kaso kwangila.

Sassa iri ɗaya, na'ura daban

Abu na farko da mai tambari ke yi shi ne yanke hukunci, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa, saboda takardar talla tana nuna sunan furosesa da girman RAM (ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita) da faifan ajiya, sai a ɗauka shi ke nan. Furosesar laftof ba gudu ɗaya take yi a ko'ina ba. Tana ƙara gudu idan ta sami wuta da sanyi, tana ja baya idan ta yi zafi. Wanda ya zana na'urar ne ke ƙayyade yawan wutar da za a bar ta ta ja, da girman fanka, da yawan bututun tagulla masu kwashe zafi, da inda iska za ta shiga ta fita. Na taɓa karɓar samfura biyu daga kamfanoni biyu don gwaji kafin babban saye, furosesa ɗaya, RAM ɗaya, farashi kusan ɗaya. Da muka ɗora musu aiki mai nauyi, a mintunan farko kunnen doki suka yi. Bayan sun ɗauki zafi sai ɗaya ta rage gudu sosai, fankarta na ihu, ɗayar kuma ta riƙe gudunta. Babu layi ko ɗaya a takardar talla da zai gaya maka wannan.

Irin wannan hukunci ɗaruruwa ne a na'ura ɗaya. Hinjin murfi a ƙarfe za a ɗaure shi ko a roba? A robar aka ɗaure shi, bayan shekara biyu za ka ga kusurwar ta tsage. RAM a manne shi da allo ko a bar masa gurbi a iya ƙarawa? Ramin caja a jikin babban allo yake, ko a ɗan ƙaramin allo daban da za a iya sauyawa da araha idan ya karye? Ina za a bi da wayar eriya don murfin ƙarfe kada ya toshe sigina? Masana'anta za ta iya yin kowanne, kuma za ta gaya wa mai tambari kuɗin kowanne har zuwa sisin kwabo. Mai tambari ne ke zaɓa. Idan ana maganar na'ura miliyan guda, rage dala ɗaya a hinji dala miliyan ce, don haka jarabar ragewa kullum tana nan, kuma bambancin kamfani nagari da na banza yana cikin inda ya yarda ya rage da inda ya ƙi.

Bayan zane sai gwaji. Kafin a fara ƙerawa da yawa akan yi zagaye-zagaye na samfura: a jefar da su daga tsayi, a gasa su a ɗakin zafi da laima, a buɗe murfi a rufe sau dubbai da inji, a girgiza su kamar yadda mota za ta yi. Akwai kuma izinin hukumomi, na hukumar sadarwa ta FCC a Amurka, alamar CE a Turai, dokokin hana gubar dalma da makamantanta a cikin sassa, da gwajin da dole batirin lithium ya ci kafin a yarda a sa shi a jirgin sama. Yawancin gwajin a ɗakunan masana'anta ake yi, amma mai tambari ne ke kafa ma'aunin cin jarrabawar, kuma injiniyoyinsa na zaune a wurin suna cewa wannan bai yi ba, a sake.

Kuɗi da kasada

Wannan ɓangaren ba a ganinsa idan an buɗe murfi, amma a ganina ya fi zanen nauyi. Sassa masu tsada, irin su furosesa da RAM da sikirin da faifan ajiya, galibi ba masana'anta ke cinikinsu ba. Mai tambari ne ke zama da Intel ko AMD, da Samsung ko SK Hynix ko Micron, da BOE ko LG Display, ya yi ciniki a kan miliyoyi. Sau da yawa ma shi ke saye sannan ya sayar wa masana'antar a wani farashi daban, don kada ta san ainihin rangwamen da ya samu ta kai labari ga abokin hamayyarsa da take yi wa aiki. Ana sayar da kwamfuta kusan miliyan 250 a shekara a duniya, kuma Lenovo da HP da Dell su uku sun riƙe fiye da rabi. Wanda ke sayen RAM na na'ura miliyan hamsin ba farashi ɗaya ake ba shi da mai sayen dubu biyar ba.

Girman ya fi amfani ranar da kaya suka yi ƙaranci. A ƙarshen 2011 ambaliya ta mamaye masana'antun faifan ajiya a Tailan, farashi ya yi tashin gwauron zabi, kuma manyan kamfanoni aka fara ba abin da ya rage. Haka aka sake gani a 2020 da 2021, lokacin da ƙarancin ƙananan na'urorin cip ya haɗu da tururuwar masu sayen laftof don aiki da karatu daga gida. A lokacin wani ɗan cip mai kula da wuta, wanda kuɗinsa bai kai dala ɗaya ba, yana iya tsayar da na'ura gaba ɗaya. Masu dogon alkawari da masu ƙera sassa su suka ci gaba da fitar da kaya.

Sai kasadar hasashe. Watanni kafin kaya su isa kanti dole wani ya ce a yi guda kaza na wannan samfuri, da kibod na harshe kaza, da filogin ƙasa kaza. Masana'anta ba ta ɗaukar wannan kasada, oda aka ba ta, ta yi, a biya ta. Idan kaya suka ƙi sayuwa asarar mai tambari ce, kuma kwamfuta ba ta jiran mai saye, duk watan da ta yi a sito darajarta raguwa take, domin sabuwar furosesa na tafe. Da wannan Dell ya yi suna. Michael Dell ya fara kamfanin a 1984 yana ɗalibi a jami'ar Texas, kuma dabararsa ita ce kada a haɗa na'ura sai an yi odarta. A wajajen shekarar 2000 kayan da ke ajiye a hannun Dell ba su kai na mako guda ba, yana karɓar kuɗin mai saye kafin lokacin biyan masu sassa ya yi. Bai ƙirƙiro wata fasaha ta cikin kwamfuta ba, tsarin tafiyar da kaya da kuɗi ne ya kai shi gaba.

Ranar da abu ya lalace

A watan Agustan 2006 Dell ya nemi a dawo masa da batir miliyan 4.1 saboda wasu suna kamawa da wuta. Sony ne ya ƙera ƙwayoyin batirin, kuma matsalar ɓurɓushin ƙarfe ne da ya shiga ciki lokacin ƙira. Apple ma ya janye miliyan 1.8. Sony ya ɗauki kaso mai yawa na kuɗin, amma mai laftof bai san Sony a maganar ba. Sunan da ke murfi shi ya gano waɗanne lambobi abin ya shafa, ya sanar da jama'a, ya aika sabon batir ƙasa-ƙasa, sannan ya koma ya yi rigimarsa da Sony a bayan fage. Ka kwatanta da ɗan kwangilar gini: ba shi ya buga bulo ba, ba shi ya ja wayar wuta ba, amma idan bango ya tsage ba ka zuwa neman mai bulo, shi kake kira. Da a ce kai ka harhaɗa sassan da kanka, mai RAM zai ce laifin allo ne, mai allo ya ce laifin wuta ne, kai kuma kana tsakiya.

A wurin aiki irin nawa wannan shi ne kusan duk abin da muke saye. Idan ma'aikata na da kwamfuta dubu, abin da take so shi ne samfurin da ta gwada yau ya kasance ana samunsa da sassa iri ɗaya har shekara guda ko fiye, don manhajojin da aka shirya su zauna daidai a kan kowace. Tana son garanti na shekara uku zuwa biyar wanda ma'aikaci zai zo har ofis ya sauya abin da ya mutu, tana son a sami kibod da sikirin da batir na gyara bayan an daina sayar da samfurin, tana son littafin gyara a fili. Tana kuma son gyaran BIOS. A farkon 2018, da aka bayyana ramukan tsaro na Spectre da Meltdown a cikin furosesoshi, Intel ya fitar da nasa gyaran, amma hanyar da ya fi isa ga na'urori ita ce sabon BIOS da kowane mai tambari zai haɗa wa kowane samfuri nasa. Samfuran ofis na manyan kamfanoni sun samu, har da waɗanda suka kwana biyu. Na'urori marasa suna da yawa ba su taɓa samu ba, don babu wanda aikinsa ne ya yi.

To, ya kai kuɗin?

Maganar ninka kuɗi ba haka take ba, aƙalla a kwamfutocin Windows. Rahotannin kuɗi da waɗannan kamfanoni ke wallafawa suna nuna ribar sashen kwamfuta, bayan an cire kashe-kashe, ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Ta masana'antun haɗa laftof ta fi haka sirancewa, ba ta cika wuce kashi 2 ko 3 ba. Stan Shih, wanda ya kafa Acer, ya bayyana wannan tun 1992 da zanen layi mai kama da bakin mai murmushi: riba tana sama a gefen masu fasahar sassa, tana sama a gefen masu suna da hulɗa da mai saye, ta faɗi ƙasa a tsakiya inda ake haɗi. A kasuwar kwamfuta gefen masu sassa ya fi ɗagawa nesa ba kusa ba. Yarjejeniyar da ke tsakanin mai tambari da masana'anta sirri ce, don haka babu wanda ke waje da zai iya rarraba maka farashin na'ura ɗaya dala-dala, amma jimillar a bayyane take.

Apple ne ya fita daban, kuma dalilin yana koyar da abu. Shi ma kwangila yake bayarwa, Quanta da Foxconn na cikin masu haɗa masa Mac. Sai dai manhajar tasa ce, kuma tun 2020 da ya fitar da M1 furosesar ma zanensa ce, kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera masa. Ya kama gefen murmushin duka biyu, shi ya sa ribarsa ta fi ta sauran.

Duk da haka zarginka yana da gindi a wurare. A laftof mafi araha, sau da yawa masana'anta ce ke da zanen gaba ɗaya, mai tambari ya zaɓa daga abin da aka nuna masa, ya sauya launi da murfi. A nan abin da ya ƙara bai wuce rarraba kaya da garantin shekara guda ba. Wani lokaci ma abin da yake ƙarawa cutarwa ce. Manhajojin talla da ake cusawa a sabuwar na'ura kuɗi ake biyan kamfanin a kansu, kuma a 2015 aka gano wata mai suna Superfish a wasu laftof ɗin Lenovo tana buɗe ƙofar da za a iya leƙen bayanan sirrin mai na'ura. Kibod ɗin da Apple ya sa a laftof ɗinsa daga 2015 zuwa 2019, wanda ƙura kaɗan ke kashe masa maɓalli, hukuncin zane ne na Apple, ba kuskuren masana'anta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin ƙarin RAM ko faifai lokacin saye, wanda kan ninka na kasuwa, musamman idan an manne sassan yadda ba ka da zaɓi daga baya. A nan kam ana cin kuɗin mutane ne kawai.

Hujja mafi ƙarfi a kan abin da mai tambari ke sayarwa ita ce abin da ke faruwa idan mai saye ba ya bukatarsa. Google da Amazon da Microsoft da Facebook suna sayen manyan kwamfutocin cibiyoyin bayanai da yawan gaske. Suna da injiniyoyin zane, suna da ƙarfin ciniki da Intel, suna da masu gyara, kuma idan na'ura ɗaya ta mutu tsarinsu na ci gaba da aiki. Don haka suka tsallake masu tambari suka tafi kai tsaye wurin irin su Quanta da Wiwynn. Facebook ma a 2011 ya wallafa zanen nasa a fili ƙarƙashin shirin Open Compute. Masana'antun ma sun gwada haurowa ta ɗaya gefen. Acer da Asus duk sun yi wa wasu haɗi suna kuma sayar da nasu, har abokan cinikinsu suka ƙi yarda su riƙa miƙa sirrin zanensu ga mai gasa da su a kanti. Dole Acer ya ware Wistron a 2001, Asus ya ware Pegatron a 2008.

Kai ma ma'aunin ke nan. Idan kwamfutar tebur kake so kuma kana iya gano abin da ya lalace da kanka, harhaɗa taka, sassanta duk masu ma'auni ɗaya ne, kowanne da garantinsa, kuma za ka zaɓi abin ba da wuta mai kyau maimakon wanda aka rage wa kuɗi. Laftof ba ta ba da wannan dama, tunda allonta da batirinta da gangar jikinta an yi su ne don juna. A nan shawarata kada ka tsaya a sunan kamfani, ka dubi jerin da na'urar ta fito. ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell (wanda aka sauya wa suna zuwa Dell Pro a 2025) da EliteBook na HP an yi su ne don ma'aikatu masu lissafin shekara biyar, kuma sun sha bamban da masu arahar da ke ɗauke da tambari ɗaya, ko da masana'anta ɗaya ta haɗa su. Kafin ka biya, shiga shafin kamfanin ka nemi lambar samfurin. Duba ko akwai littafin gyara, duba ko ana sayar da batir da kibod nata, sannan ka nemi wata tasu ta jeri ɗaya da ta shekara huɗu a kasuwa ka ga ranar da aka fitar mata da BIOS na ƙarshe.